Zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa: tun daga mazaɓa ake yin adalci ko a rasa shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi magana a kan yadda manyan jam'iyyunmu ke tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, kuma zan kafa hujja da abin da ya faru a 2022, saboda alƙaluman shekarar a rubuce suke, kowa na iya bincikawa.

A zaɓen 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ne ke cikin rajistar INEC. Amma Bola Tinubu, wanda aka bayyana ya ci zaɓen, mutum 1,271 ne suka ba shi tikitin APC a dandalin Eagle Square ranar 8 ga Yuni, 2022. Atiku Abubakar, da ya zo na biyu, ƙuri'a 371 ce ta ba shi tikitin PDP a filin wasa na Abuja ranar 28 ga Mayu. Sashe na 131 na tsarin mulki ya ce sai jam'iyya ta tsayar da mutum kafin ya nemi kujerar, babu ɗan takara mai zaman kansa. Ke nan talakan da ya sha rana a layi ranar babban zaɓe yana zaɓa ne daga cikin abin da waɗansu 'yan dubbai suka riga suka tace masa.

Ba na cikin masu cewa jam'iyya ba ta da hurumi a cikin wannan sha'ani. Tutarta ce za a ɗauka, sunanta ne a takardar ƙuri'a, ita za ta kwashi kunya idan ɗan takarar ya lalace. Tana da ikon ta tantance, ta tsara karɓa-karɓa, ta zaɓi hanyar da za ta bi. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta sayar wa mutane fom a kan wata ƙa'ida, sannan ta sauya ƙa'idar bayan ta ga inda iska ta kaɗa, ko shugabanninta su zama alƙalai kuma 'yan kamfen a lokaci guda. Nan ne tasiri na halal ke komawa ɗauki-ɗora.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda da ita aka yi zaɓen 2023, ta ba jam'iyyu hanya uku a sashe na 84: ƙato-bayan-ƙato, inda kowane ɗan jam'iyya mai rajista zai jefa ƙuri'a, zaɓen wakilai, wato daliget, da maslaha. Tun farko Majalisar Tarayya ta so ta wajabta ƙato-bayan-ƙato kaɗai. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a Disamba 2021, ya kawo dalilin tsada da tsaro da 'yancin jam'iyyu. Aka mayar da ƙudurin, aka ƙara sauran hanyoyin biyu, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022. Sai daga baya 'yan majalisa suka farga cewa sashe na 84(8) ya yi maganar wakilan da aka zaɓa ne kawai, bai ambaci masu zama wakilai saboda muƙaminsu ba, irin su shugaban ƙasa, gwamnoni, 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya. Suka yi gyaran gaggawa a watan Mayu, amma ba a sa masa hannu ba har aka gama zaɓukan fidda gwani. Wannan ne ya rage yawan masu zaɓe matuƙa. A Legas a 2014, kusan mutum 6,000 ne suka jefa ƙuri'a a taron APC da Buhari ya ci da 3,430. A Fatakwal a 2018 wakilan PDP sun haura 3,000. A 2022 APC ta ɗauki mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma, wato 2,322, PDP kuma mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma da ƙarin masu buƙata ta musamman, waɗanda aka tantance a filin taro 767.

Wasu sun yi murna da hakan, wai an cire manya daga zaɓe. Sai dai an cire wa gwamna ƙuri'arsa guda ɗaya, an bar masa alƙalamin rubuta sunayen duk masu ƙuri'ar jiharsa.

Ga yadda tsarin daliget ke tafiya a ƙarƙashin Dokar 2022. A takarda, daliget yana fitowa ne daga ƙasa: a yi taron mazaɓa, 'yan jam'iyya su zaɓi wakilan mazaɓa, a yi taron ƙaramar hukuma, a zaɓi wakilin da zai je babban taro na ƙasa. Uwar jam'iyya ce ke tura kwamiti daga Abuja zuwa kowace jiha da fom na masu son zama daliget da takardun rubuta sakamako. Matsalar farko tana wajen fom ɗin nan. Idan mutum ɗaya ya saye su gaba ɗaya ya raba wa waɗanda yake so, wanda ba ya cikin tafiyarsa zai biya kuɗi a banki, ya riƙe takardar shaidar biya, ya yi ta zarya sakatariya ana ce masa fom ya ƙare har ranar rufewa ta wuce. Matsala ta biyu ita ce takardar sakamako. Kwamitin da ya zo daga Abuja baƙo ne a jihar, wanda ya tarbe shi a filin jirgi, ya ba shi masauki da mota da jami'an tsaro, shi ke da shi. 'Yan jam'iyya za su taru a firamaren unguwa tun hantsi, da katinsu a hannu, wasu sun bar gona wasu sun rufe shago, su jira har la'asar babu jami'i ko ɗaya da ya leƙo. Da daddare su ji a rediyo cewa an kammala taron mazaɓu lami lafiya ta hanyar maslaha. An cike takardun a ɗakin otal. Nijeriya na da mazaɓu 8,809, kuma ma'aikacin INEC da ya je sa ido aikinsa ya rubuta rahoton abin da ya gani, ba shi da ikon dakatar da taro ko hana a miƙa sunaye.

Tun ran gini, ran zane. Duk wanda ya bari aka rubuta jerin daliget ba da shi ba, zuwansa Abuja da motocin kamfen da hotuna ba zai sauya komai ba. Shi ya sa mai neman takara idan ya shiga jiha, fadar gwamnati yake fara sauka, kuma sau da yawa a can za a tara masa wakilan su saurare shi a gaban mai gidansu. Sashe na 84(12) ya tilasta wa ministoci da kwamishinoni da masu ba da shawara su sauka kafin su yi takara ko su zama wakilai, abin da ya sa Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio da Ogbonnaya Onu da Emeka Nwajiuba suka bar majalisar ministoci a Mayun 2022. Gwamna kuwa zaɓaɓɓe ne, sashen bai taɓa shi ba. Yana kan kujera, yana neman takara ko yana marawa wani baya, albashin shugabannin ƙananan hukumomi da naɗin muƙamai da kwangila duk suna bi ta hannunsa.

Akwai kuma wani rashin daidaito da ba mu cika son faɗa ba a nan Arewa, domin mu yake yi wa daɗi. Raba wakilai da lissafin ƙananan hukumomi ya ba Kano mai ƙananan hukumomi 44 wakilai 132 a APC, Katsina mai 34 ta samu 102, Legas mai 20 ta samu 60, alhali a zaɓen 2023 masu rajistar zaɓe a Legas sun haura miliyan 7, na Kano ba su kai miliyan 6 ba. Arewa da Abuja na da ƙananan hukumomi 419, Kudu na da 355. Kuma lissafin bai duba ƙarfin jam'iyya ba: ƙaramar hukumar da jam'iyya ba ta taɓa cin kansila ba tana da ƙuri'a daidai da wadda ke kawo mata dubban ƙuri'u a kowane zaɓe. Wakilan irin waɗannan wurare su ne mafi sauƙin saye, domin babu jama'ar da za ta tare su a gida ta tambaye su wa suka zaɓa. Jam'iyyar Democrat a Amurka tana haɗa nauyin jiha a zaɓen shugaban ƙasa da yawan ƙuri'un da jihar ta ba jam'iyyar a zaɓukan baya wajen raba wakilai. Babu abin da ya hana jam'iyyunmu yin irin wannan lissafi.

A filin taron ma akwai abin dubawa. Ana ajiye wakilan jiha a otal guda, a kawo su a mota guda, su zauna a rumfa guda. Idan aka zo jefa ƙuri'a jiha-jiha ake kira, gwamna ko jagoran jihar na tsaye yana kallon layi. Inda ake rubuta sunan ɗan takara da hannu, wanda bai iya rubutu ba sai ya nemi mai taya shi, kuma mai tayawar daga cikin tawagar yake fitowa. Sirrin ƙuri'a ya dogara ne da ƙananan abubuwa: nisan wurin rubutawa daga idon jama'a, hana shiga da waya don kada a ɗauki hoton ƙuri'a a kai wa wanda ya biya, da cakuɗa ƙuri'un duk jihohi kafin a fara ƙirga. A taron PDP na Janairu 2011, inda Goodluck Jonathan ya samu 2,736, Atiku 805, an ƙirga ne jiha-jiha, kowa ya san abin da kowace jiha ta yi. Idan wakilan jiha ba su wuce ashirin ko talatin ba kuma aka bayyana sakamakonsu daban, gwamna ba ya buƙatar boka kafin ya gane wanda ya saɓa masa.

Batun kuɗi kuwa tun daga bakin ƙofa yake farawa. APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100 a 2022, miliyan 30 na nuna sha'awa, 70 na tsayawa. A 2018 miliyan 45 ne. PDP ta tashi daga miliyan 12 zuwa miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, wato ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya tara albashin sama da shekara 270 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya sayi fom ɗin APC. Sashe na 84(3) na Dokar 2022 ya hana jam'iyya ƙara wa mai neman takara wani sharaɗi bayan waɗanda tsarin mulki ya gindaya, wato zama ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35, ilimin sakandare da zama ɗan jam'iyya. To miliyan 100 in ba sharaɗi ba ne, mene ne? Mun ga yadda ƙungiyoyi suka riƙa fitowa suna cewa su suka yi karo-karo suka saya wa wane fom, kuma babu hukumar da ta bi sawun inda kuɗin ya fito. Mutum 23 ne suka bayyana gaban kwamitin tantancewa na APC, abin da ke nufin jam'iyyar ta tara sama da naira biliyan 2 daga wannan kujera kaɗai.

Fom ɗin ma shi ne ƙaramin kashi. Dokar 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a naira biliyan 5, ta kuma ce mutum ɗaya kada ya ba da gudummawar da ta wuce miliyan 50. Amma mai neman tikiti ba ya miƙa wa kowa lissafin abin da ya kashe a kan wakilai, wanda ake lulluɓewa da sunan kuɗin mota da masauki. Lissafin mai sauƙi ne: inda masu zaɓe ba su kai 800 ba, wanda ya mallaki mutum 400 ya gama. Jami'an EFCC sun bayyana a filin taron PDP a daren 28 ga Mayu, amma duk wanda ya san harkar ya san ba a filin taro ake rabo ba, a masauki ake yi, kwana ɗaya ko biyu kafin nan, kuma yawanci ta hannun jagoran tawaga, wanda shi ma zai cire nasa. A Kaduna, Sanata Shehu Sani ya fito fili ya ce ba zai ba daliget ko sisi ba a zaɓen fidda gwanin gwamna na PDP, ya tashi da ƙuri'a biyu. Ba na ɗora laifin duka a kan daliget. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana yi wa jam'iyya hidima, babu albashi, babu mai ɗaga wayarsa bayan an ci zaɓe, ya san wannan daren ne kaɗai ake nemansa. Tsarin ne ya mayar da ƙuri'arsa haja.

Abin da ya fi ɓata wa 'yan takara rai, har ya kai su ga yi wa jam'iyya zagon ƙasa, shi ne ganin alƙalin wasa ya ɗauki ɓangare. Ranar 6 ga Yuni, 2022, ana shirin buɗe taro, shugaban APC Sanata Abdullahi Adamu ya shaida wa kwamitin gudanarwa cewa Sanata Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha. Sauran 'yan kwamitin suka fito suka ce ba da yawunsu ba, gwamnonin APC na Arewa suka tsaya a kan mulki ya koma Kudu, fadar shugaban ƙasa ta ce Buhari bai zaɓi kowa ba. Da aka je akwati Lawan ƙuri'a 152 ya samu, bayan Amaechi mai 316 da Yemi Osinbajo mai 235. Ba ƙa'idar jam'iyya ce ta hana ɗauki-ɗora a ranar ba, ƙarfin gwamnoni ne ya rinjayi ƙarfin shugaban jam'iyya. Da bakinsu ya zo ɗaya, da wakilai 2,322 sun je Abuja ɗaga hannu kawai.

A PDP, bayan kowa ya gama jawabinsa, an sake ba Gwamna Aminu Waziri Tambuwal dama ya koma kan mumbari, ya sanar da janyewa, ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku. Janyewa haƙƙin ɗan takara ne, a taron APC ma mutum bakwai sun janye wa Tinubu, ciki har da Gwamna Badaru Abubakar na Jigawa. Abin da ɓangaren Nyesom Wike, wanda ya samu 237, ya riƙe shi ne an ba mutum ɗaya damar da ba a ba sauran ba, sannan shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu ya je ya kira Tambuwal gwarzon taron. Daga nan gwamnoni biyar, na Ribas, Oyo, Binuwai, Abiya da Inugu, suka ce sai Ayu ya sauka, tunda ɗan takara da shugaban jam'iyya duk daga Arewa suke. Bai sauka ba, su kuma ba su yi wa Atiku aiki ba, kuma PDP ba ta ci ko ɗaya daga cikin jihohin biyar ba a zaɓen shugaban ƙasa.

Tushen rikicin ya girmi daren taron. Kundin PDP ya amince da karɓa-karɓa, amma sai da aka sayar da fom ga 'yan Kudu da 'yan Arewa, kowa ya fara yawon neman wakilai, sannan a watan Mayu aka sanar cewa an bar takarar a buɗe. Ko mutum na son karɓa-karɓa ko ba ya so, lokacin yanke hukunci a kanta shi ne kafin a buga fom. Rabi'u Musa Kwankwaso ya riga ya fice a watan Maris zuwa NNPP, Peter Obi ya fice kwana kaɗan kafin taron ya koma Labour. A babban zaɓe Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.10, Kwankwaso 1.49. Ukun ƙarshe duk a PDP suke a 2019. Ba na cewa da sun zauna tare dole ƙuri'unsu su haɗu wuri guda, amma jam'iyyar da manyan 'yan takararta suka yanke ƙauna daga zaɓenta na cikin gida tun kafin a yi shi ta san inda ta yi asara.

Maslaha ba laifi ba ce idan da yardar kowa aka yi ta. Dokar 2022 ta yi ƙoƙari a nan: sashe na 84(9) ya ce sai an samu rubutacciyar amincewar duk waɗanda aka tantance cewa sun janye da kansu, idan mutum ɗaya ya ƙi, a koma zaɓe. Sai ga shi a cikin takardun da APC ta haɗa da fom akwai wasiƙar janyewa da ake son mai neman takara ya sa wa hannu tun kafin a fara. Janyewar da aka karɓa a ranar sayen fom ba yarda ba ce, makami ne a aljihun wanda ke riƙe da takardar. Tarihinmu ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa: a 1998 jam'iyyu biyar ne suka tsayar da Janar Sani Abacha shi kaɗai, a 2006 gwamnonin PDP da dama da suka nuna sha'awa sun janye dab da taron da Umaru Musa 'Yar'adua ya ci, a 2014 kuma Jonathan ne kaɗai ya tsaya a taron PDP.

Masu ganin ƙato-bayan-ƙato zai magance komai su dubi 2018. APC ta yi shi, Buhari ne kaɗai ɗan takara, aka sanar da ƙuri'a miliyan 14.8. Jihar Kano kaɗai aka ce ta kawo miliyan 2.9. Bayan wata biyar, a babban zaɓen 2019, inda 'yan jam'iyya da waɗanda ba 'yan jam'iyya ba duk suka fito, Buhari ya samu miliyan 15.19 a ƙasa baki ɗaya, a Kano kuma miliyan 1.46, wato rabin abin da aka ce 'yan jam'iyya zalla sun ba shi. Kuma shi zaɓen fidda gwanin na 2018 babu abokin hamayya a cikinsa. A ce mutum biyar ne ke takara kuma kowace jiha na turo adadin da ta ga dama, wa zai yarda da sakamakon? Ƙato-bayan-ƙato ba ya tsayuwa sai da rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya, wadda aka rufe kafin zaɓe, aka liƙa a kowace mazaɓa, kowane ɗan takara na da kwafinta. Sashe na 77 na Dokar 2022 ya ce jam'iyya ta miƙa wa INEC rajistarta kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani, amma miƙawa daban, tantance cewa sunayen na mutane ne masu rai da suka san an rubuta su daban. Kuma idan layi za a yi a bayan hoton ɗan takara, ma'aikacin ƙaramar hukuma ko ɗan kasuwar da ke haya a shagon gwamnati ba zai tsaya a layin da ya saɓa wa gwamna ba. Ko a wannan hanya, sai da takardar ƙuri'a da akwati.

Maƙwabtanmu na Ghana sun bi wata hanya ta tsakiya da ta cancanci nazari. A 2007 jam'iyyar NPP ta tara wakilai dubu biyu da 'yan kai a wuri guda, 'yan takara 17, aka yi ta ƙorafin kuɗi. Daga baya ta faɗaɗa masu zaɓen har zuwa shugabannin jam'iyya na rumfunan zaɓe, adadin ya haura dubu 100 a 2010, ya kai kusan dubu 200 a 2023 lokacin da Mahamudu Bawumia ya ci. Kowa a mazaɓarsa yake jefa ƙuri'a, ba a kwasar mutane zuwa babban birni, kuma hukumar zaɓen ƙasar ce ke gudanar da jefawa da ƙirgawa. Kuɗi bai daina yawo a can ba, amma sayen mutum dubu ɗari da ke warwatse ya fi wuya a kan sayen ɗari huɗu da ke otal guda. Mu da ke da rumfunan zaɓe 176,846, ko mutum ɗaya aka ɗauka daga kowace rumfa an fita daga hannun 'yan tsiraru.

Kotu ba za ta cike wannan giɓi ba. Wanda aka zalunta kwana 14 kawai yake da su ya shigar da ƙara bisa sashe na 285 na tsarin mulki, kotu na da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60 a kowane mataki, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kotu dakatar da zaɓen fidda gwani ko babban zaɓe saboda ana shari'a. Wanda ke da hurumin ƙara shi ne wanda ya shiga takarar, ɗan jam'iyyar da aka hana shi zaɓen daliget a mazaɓarsa kusan ba shi da ƙofa. Wani lokaci hukuncin na da zafi: a Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un APC a Zamfara saboda ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, kujerun suka koma hannun PDP, laifin shugabannin jam'iyya ya faɗa kan masu zaɓe. Wani lokaci kuma shari'ar kan ƙare a kan ƙa'idar shigar da ƙara. Bashir Machina ya ci zaɓen fidda gwanin sanatan Yobe ta Arewa yayin da Ahmad Lawan ke neman tikitin shugaban ƙasa, Babbar Kotun Tarayya da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka ba shi gaskiya, amma a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai uku a kan biyu, ta ba Lawan, bisa dalilin cewa ƙarar da ke ɗauke da zargin maguɗi bai kamata a shigar da ita ta hanyar takardun rantsuwa kawai ba.

Yawancin gyaran ba ya jiran Majalisa, jam'iyya na iya yinsa a zaman kwamitin zartarwa guda. Ta sanar da hanyar da za ta bi da matsayinta kan karɓa-karɓa kafin ta sayar da fom ko ɗaya, kuma kada a taɓa ranar taro sai da amincewar masu takara. A 2022 INEC ta ƙara wa'adi daga 3 zuwa 9 ga Yuni ana gobe taron PDP, APC ta ɗaga nata ta yi shi bayan ta ga wanda abokiyar hamayyarta ta tsayar, kuma irin wannan ko da niyya mai kyau aka yi shi yana zubar da amana. Jerin sunayen wakilai, da mazaɓar kowa, a liƙa shi a sakatariyar ƙaramar hukuma kuma a ba kowane ɗan takara aƙalla mako biyu kafin taro, domin sauya suna a daren tantancewa ya zama abin da za a iya kamawa. Duk ɗan kwamitin gudanarwa da ke son yi wa wani kamfen ya ajiye muƙaminsa tukuna. Kwamitin tantancewa ya rubuta dalilin hana mutum takara, ya ba shi kwafi. Majalisa kuma nata aikin shi ne ta sa iyaka ga kuɗin fom, ta wajabta wa mai neman tikiti bayyana abin da ya karɓa da abin da ya kashe, ta kuma ba rahoton jami'in INEC nauyin da idan ya ce ba a yi taro a mazaɓa ba, sunayen da suka fito daga can ba za su shiga jeri ba.

Ku ma 'yan jarida akwai naku kason, Malam Edita. Ranar babban taro kowace kafa na Abuja da kyamara, amma ranar taron mazaɓu da na ƙananan hukumomi sanarwar sakataren yaɗa labarai na jam'iyya ake bugawa yadda ta zo. Doka ta wajabta wa jam'iyya ta sanar da INEC kwana 21 kafin kowane taro, don haka ranakun ba ɓoyayyu ba ne. Ku tura wakilanku mazaɓu goma ko ashirin a kowace jiha a ranar, su rubuta ƙarfe nawa jami'ai suka iso, mutum nawa suka taru, an jefa ƙuri'a ko ba a jefa ba, wa aka ce ya ci. Idan jerin daliget ya fito, ku buga shi kusa da abin da wakilanku suka gani.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya, Jihar Kaduna